Faifan sola ko gyaran mulki: wanne ne zai rage mana hayaƙi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya babu wuta, na hau saman bene shan iska, sai na shiga ƙirga janaretocin da nake jin kukansu a layinmu. Da na kai goma sha ɗaya na haƙura. Da gari ya waye kuma na ƙirga rufin da aka kafa wa faifan sola, na samu shida, alhali bara biyu ne kacal. Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa malaminsu ya gaya musu sabbin na'urori ne za su raba duniya da hayaƙin da ke ɗumama yanayi. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Na'ura ce za ta yi aikin, ko masu riƙe da ƙasa? Masana a taimaka.

Mai Sola: Wa alaikumus salam. Baban Ummi ai kai da kanka ka ba da amsa. Daga biyu zuwa shida a shekara guda. Wace gwamnati ce ta zo layinku ta kafa? Babu. Daga 2010 zuwa 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a kasuwar duniya, saboda Caina ta riƙa ƙera shi kamar ana toya ƙosai, yau fiye da kashi 80 na faifan duniya daga can yake fitowa. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce dubu, sai mai shagon cajin waya da mai aski da mai sayar da ƙanƙara duk suka yi lissafi suka gane rana ta fi arha. Ni shekarata tara a sana'ar nan, ban taɓa ganin ciniki irin na shekarun nan ba. Kowane faifai da na ɗaura, wani janareta ya yi shiru. A bar kasuwa ta yi aikinta kawai.

Injiniya Mai Ritaya: Ɗana Mai Sola, Allah ya ƙara kasuwa, amma bari in ba ka labarin wani hayaƙi da faifanka ba ya iya taɓawa.

A yankin Neja Delta, idan an haƙo ɗanyen mai, iskar gas tana biyo shi. Tun da aka fara fitar da mai a ƙarshen shekarun 1950 ake cinna wa gas ɗin wuta a saman dogon bututu, dare da rana. Na yi aiki a yankin ina saurayi, na ga ƙauyen da dare ba ya yi masa duhu. A 1979 gwamnati ta yi doka ta ce daga Janairun 1984 an daina. 1984 ta zo ta wuce. Aka sake sa rana, aka sake ɗagawa, har mutum ya gaji da ƙirgawa. A 2005 wata babbar kotun tarayya a Benin ta yanke hukunci cewa ƙona gas ɗin ya keta haƙƙin rayuwar mutanen wurin. Wuta ba ta mutu ba.

To me ya hana? Na'urar kama gas ɗin babu ce? Akwai ta tun kafin a haifi yawancin 'yan zauren nan. Norwe ma ƙasar mai ce, amma tun 1971 ta hana ƙona gas haka siddan, a 1991 kuma ta ɗora haraji a kan hayaƙin kabon da kamfanonin mai ke fitarwa. Kamfanonin da ke aiki a can, wasunsu su ne dai suka yi aiki a nan. A can sun bi doka. A nan tarar da ake ci ta daɗe tana naira 10 a kan kowace ƙafa dubu ta gas, kuɗin da bai kai na goro ba. Sai a 2018 aka mayar da ita dala 2 ga manyan kamfanoni. Ka ga na'ura ɗaya, kamfani ɗaya, sakamako biyu.

Mai Sola: Baba, na ji, amma ai an ce ƙona gas ɗin ya ragu sosai.

Injiniya Mai Ritaya: Ya ragu ƙwarai idan ka gwada da shekarun 2000. Amma duba dalili. A 1999 masana'antar sarrafa gas ta Bonny ta fara fitar da kaya waje, gas ya zama abin sayarwa, sai aka fara jin zafin ƙona shi. Kwaɗayin kuɗi ya yi abin da tsoron hukuma ya kasa. Kuma har yanzu Najeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a duniya, alhali tashoshin wutarmu na kukan rashin gas ɗin.

Bakatsine: Tunda Baba Injiniya ya tafi kudu, ni bari in dawo da ku gida. Duk wanda ya bi ta Lambar Rimi a Katsina ya ga manyan fankoki tsaye a fili. Guda 37 ne, an tsara su ba da megawat 10 daga iska. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka faro maganar, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. A Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan Faransa da ke aikin a garin Rimi, sai bayan kusan shekara guda ya kuɓuta. Aiki ya tsaya, ciyawa ta fito, shekaru suka yi ta tafiya ana cewa an kusa. Yaron da aka haifa lokacin da aka fara maganar ya isa aure kafin a ji wani abin kirki. Iska kuwa ba ta taɓa daina kaɗawa a Rimi ba. Tsaro ma ai shugabanci ne, biyan ɗan kwangila a kan lokaci ma shugabanci ne.

Maman Khalifa: Ku maza kuna ta megawat megawat. Ku zo madafa ku ga inda hayaƙi yake. Shekarun baya an yi ta wayar mana da kai a rediyo, a bar ice a koma tukunyar gas, mun koma. Da kilo ya haura naira dubu, wallahi a gidanmu mu huɗu da ke girki da gas, uku mun koma gawayi. Ni da kaina na sayi kurfoti. Kuma kowa ya san buhun gawayin nan bishiya ce aka kwantar a wani daji. Tukunyata tana nan lafiya lau a lungu, fasahar ba ta lalace ba, aljihu ne ya gaza. Ga Baba yana cewa ana ƙona gas a banza a kudu. Ni wannan lissafin ya fi ƙarfina.

Injiniya Mai Ritaya: Hajiya, kin fi mu kama bakin zaren.

Ɗalibi: Ni ina da ja a kan muhawarar gaba ɗaya, ku yi haƙuri iyayena. Afirka dukanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya. Ɗan Najeriya a matsakaici bai kai tan ɗaya a shekara ba, wajen rabin tan ne. Ba'amurke yana fitar da wajen tan 14. Ɗan Nijar ma bai kai namu ba ko kusa. Caina ita kaɗai tana da kusan kashi 30 na hayaƙin duniya a yau. Amurka da Ingila da Jamus, waɗanda ake ce mana su ne masu nagartaccen mulki, ai su suka cika sararin sama da hayaƙi tun zamanin kwal. Idan kyakkyawan shugabanci yana rage hayaƙi, me ya sa masu shi suka fi kowa hayaƙi? Talauci ne ya sa namu kaɗan, ba kirki ba. Kuma in mulkinmu ya gyaru gobe, masana'antun Sharaɗa da Bomfai da Kakuri suka farfaɗo, hayaƙinmu ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba.

Malamar Jami'a: Ɗalibi, wannan tambayar da a aji ka yi ta da na ba ka maki. Gaskiya ne, ƙasa idan ta fara arziki hayaƙinta hawa yake yi. Babu wanda ya isa ya ce wa Kano kada ta farfaɗo da masaƙunta. Amma abin dubawa shi ne nawa ne hayaƙin da ake fitarwa kafin a samu aiki guda. Tela mai ɗinki da ƙaramin janareta yana ƙona mai da yawa don wuta kaɗan, ga ƙara, ga hayaƙin da yake shaƙa a cikin shago. Da wutar madatsar ruwa ta Shiroro ko Zungeru ce ta iso masa, ɗinki ɗaya, hayaƙi kusan babu. Mu yanzu muna shan hayaƙin kuma ba mu da masana'antar. Biyu babu ke nan.

Ingila da ka ambata, a 2008 ta yi dokar sauyin yanayi, gwamnatoci suka yi ta canzawa, doka tana nan, har a Satumbar 2024 suka rufe tasharsu ta ƙarshe mai amfani da kwal. Ƙasar da ta fara cinna kwal a tashar wutar lantarki ke nan. Ba na wanke su, bashin da suka ci na nan a wuyansu. Ina nuna maka ne abin da doka ke yi idan ba ta mutuwa da wanda ya sa mata hannu. Mu ma muna da dokar sauyin yanayi tun Nuwambar 2021, a watan da Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron Gilasgo cewa Najeriya za ta kai ga daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato wanda take fitarwa kada ya wuce wanda ake shanyewa. Takarda ba ta yi mana ƙaranci ba.

Ɗalibi: Malama na karɓi rabin maganar. Rabin da ban karɓa ba shi ne su da suka ɓata su ne ya kamata su biya kuɗin gyara.

Malamar Jami'a: Ban musa ba. Sai dai in sun biya, hannun wa kuɗin zai shiga?

Bakatsine: Hhhh Malama kin taɓo inda ke ƙaiƙayi.

Mai Sola: Bari in sake shigowa, don na ga an taru a kaina. Ku dubi Pakistan. Wutar gwamnatinsu ta yi tsada, ga yawan ɗaukewa, a 2024 kaɗai mutanen ƙasar suka shigo da faifan sola na wajen megawat dubu 17. Mu nan duk wutar da ake rarrabawa ƙasa baki ɗaya tana yawo ne tsakanin megawat dubu 4 zuwa dubu 5. Na Pakistan ɗin ba wani shirin gwamnati ba ne, manoma ne da masu masana'antu da masu gidaje. Haka nan ku je Kura ko Kadawa lokacin rani ku ga manoman da suka ajiye injin ban ruwa mai shan fetur suka koma famfon sola. A Oktoban 2024 da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, su wa suka riƙa cajin waya da sayar da ruwan sanyi? Masu sola. Ni a ganina lalacewar mulkin ce ma take tura mutane wajen sola.

Malamar Jami'a: Tana tura masu hali. Wanda ya iya sayen faifai da inbata da batir ya fice daga layin wuta, aka bar wanda ba shi da shi. Kamfanin rarraba wuta ya rasa masu biyan kuɗi da yawa, sai ya ƙara wa saura ko ya ƙara lalacewa. A Pakistan ɗin ma kukan da ake yi ke nan yanzu. Sannan injin niƙa da injin walda da masaƙa ba sa tashi da faifai huɗu a rufi. Su dizal za su ci gaba da sha har ranar da layi ya gyaru.

Maman Khalifa: Mai Sola tunda kana nan, ina da ƙorafi. Batir biyu aka haɗa mana shekaru biyu da suka wuce, an ce za su yi shekara biyar, ko shekara ɗaya da rabi ba su yi ba. Ba kai ba ne, kada ka tsorata. Sannan fitilun sola da wani ɗan siyasa ya kafa mana a unguwa lokacin zaɓe, guda goma sha biyu, yanzu uku ke kamawa, biyu ma an kwance kawunansu.

Mai Sola: Hajiya wannan kam ba zan kare ba. Jabu ya cika kasuwa. Akwai faifan da za a rubuta masa wat 300, ka auna bai kai 200 ba. Akwai tsohon batir da ake wankewa a sa masa sabon kwali. Mu masu sana'ar shi ke ɓata mana suna.

Injiniya Mai Ritaya: To wa ya kamata ya tare shi a tashar ruwa kafin ya iso Sabon Gari?

Mai Sola: Baba ka kama ni.

Injiniya Mai Ritaya: Ban gama ba. Matattun batiran nan cike suke da dalma. 'Yan gwangwan suna fasa su da guduma, su zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan masu haƙar zinare, ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Idan babu mai sa ido, ka rage hayaƙi a sama ka zuba guba a ƙasa.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Tun ɗazu nike karatu ban ce komai ba. Mu nan wajenmu a Nijar kuran ɗin ma, wato wutar lantarki, a da mafi yawansa daga Najeriya yake zo mana, kuma da aka yanke shi a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki mun sha duhu da kukan gurup, wato janareta. Tashar sola ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta ɗan rage wa babban birni zafi. Amma ba wannan nike so in faɗa ba.

Ku bari in ba ku labarin itace. Mahaifina ya ce a shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin fari, gonakin ƙasarmu fayau suke, iska na kwashe shuka, sai ka yi shuka sau biyu sau uku. Tun zamanin Faransa doka ta ce itacen da ke gona na gwamnati ne. In ka sari reshe ma'aikacin daji ya kama ka, tara. To wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai manomi ya riƙa sassabe duk wani toho tun yana ƙarami, kafin ya zama abin magana. An yi ta kawo dashe daga waje da kuɗi masu yawa, mafi yawa suka mutu.

A shekarun 1980 nan yankin Maraɗi aka fara abin da muke ce wa sassaben zamani. Wani Ba'ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a nan yana cikin waɗanda suka tura shi. Babu wata na'ura. Kututturan da ke ƙarƙashin ƙasa suna nan da rai, sai ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran, ka riƙa yi musu aski. Wuƙa ko lauje kawai. Da hukuma ta sassauta, aka fara barin manomi ya ci moriyar itacen da ya rena, har dokar gandun daji ta 2004 ta ƙarfafa hakan, sai abu ya bazu daga gona zuwa gona, Maraɗi har Damagaram. Masu bincike da suka duba hotunan sama sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo, kalgo, sabara, aduwa. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, bai hana gero rana, da rani kuma ya ba dabba abinci da inuwa. A gonarmu yau akwai gawo sama da ashirin, uwata ba ta tafiyar rabin yini neman ice.

Malama za ta fi ni sanin yawan hayaƙin da itatuwan nan suka shanye. Ni abin da na sani, ba wanda ya rena su don hayaƙi.

Malamar Jami'a: Ɗan Maraɗi, Allah ya saka da alheri. Wannan misalin nake ba ɗalibai duk shekara, amma ban taɓa jin sa daga bakin mai gona ba. Ku gwada shi da Babbar Ganuwar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, wadda aka ce za ta taso daga Senegal har Jibuti. An yi taruka, an yi bikin dashe, a wurare da dama ranar bikin ce ranar ƙarshe da dashen ya ga ruwa.

Ɗalibi: Amma Yaya Ɗan Maraɗi, wannan ai ba gwamnati ce ta yi aiki ba, janye hannunta ta yi. Ke nan maganar Mai Sola ce ta tabbata, a bar mutane.

Ɗan Maraɗi: Ƙanena, ta janye hannu daga aljihun manomi, amma in wani ya shigo gonarka da dare ya sare gawonka, wajen wa za ka kai ƙara? A ƙauyuka da yawa sai da aka kafa kwamitin tsaron itace, da mai gari da manoma da mata da makiyaya a ciki, aka sa tara ga ɓarawon ice. Inda ba a yi haka ba, mutane sun rena, wasu sun sare, sun daina. Yanzu ma masu gawayi da masu kai ice birni suna matsa mana.

Bakatsine: Abin mamaki, daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar sa'a guda ce ko ƙasa da haka, ƙasar noma iri ɗaya, ruwan sama ɗaya, yare ɗaya.

Baban Ummi: Kai jama'a, na yi tambaya ɗaya na samu karatun zango guda. Zan nuna wa yaron duka, ya kai wa malaminsu. Ni dai ban fasa sayen sola ba in Allah ya hore, Mai Sola ka shirya min lissafin fanka uku da firji ƙarami. Amma Ɗan Maraɗi, gonarmu ta gado tana wajen Ɗambatta, kuma akwai kututturan kalgo da muke ƙonewa duk shekara. Wane lokaci ake fara barin tohon?

Ɗan Maraɗi: Lokacin sharar gona, kafin ruwa ya sauka. Kada ka bar su da yawa a kututture ɗaya, kuma ka ɗaura wa waɗanda ka zaɓa tsumma don masu kiwo da 'yan ƙwadago su san da mai su. Ka fara gaya wa mai unguwa da maƙwabtan gona tukuna.

Maman Khalifa: Ni kuma matattun batiran nan biyu suna nan a zaure, yara na hawa kansu. Bayan abin da Baba Injiniya ya faɗa ba zan ba 'yan gwangwan ba. Mai Sola, ina zan kai su?

Mai Sola: Hajiya ki ɗauke su daga inda yara suke yau ɗin nan, kada a jingine su a kwance. Ranar Asabar zan turo yaro ya karɓa, akwai dilan da ke musayar tsoho da sabo yana rage kuɗi. Sai dai inda shi yake kai su, wannan zan tambaye shi in dawo muku da amsa.